Wayar Ladan

"Barka da dawowa, gwarzonmu! Wace ƙungiya ka zaɓa yau?"

Muryar mace ce, kuma daga lasifikar masallaci ta fito, ta ratsa gonakin shinkafa har bakin kogi. Ladan ya sandare a bayan babbar gangar kiran salla. Kullum da wayarsa yake saka karatu kafin la'asar. Yau ya manta bai raba ta da lasifikar ba, ya raɓe yana kallon wasan ƙwallon ƙungiyar Jakarta. Tallar caca ta faɗo tsakiyar ƙwallo, yatsansa ya danna ta kamar yadda ya saba.

Ya kashe wayar, ya gyara ɗaurin zanensa, ya fito kai a sunkuye, yana jiran tsinuwa.

Da ya ɗago, sai ya ga masu alwala, har da surukinsa da ake kira Pak Haji, kowa da jiƙaƙƙen hannu a aljihun riga, yana laluben wayarsa a firgice, yana zaton tasa ce ta yi maganar.

Liman ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ku fitar da hannunku, bayin Allah," ya ce a hankali. "Ta yau dai ta ladan ce."