Muryar Baba a Gonar Masara

Tun da hukuma ta kafa turke mai magana a kowace gona, buhun iri ba ya buɗuwa sai da izininsa. Na gonar Tanimu da muryar marigayi mahaifinsa yake magana.

Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu har wuyan hannu.

Tanimu ya tsaya gaban turken. "Baba, shuka ta yi. Kai ka koya mini masara ba ta jiran rago."

"A'a, ɗana. Bana waken soya za ka shuka."

"Da shi za mu tuƙa tuwo?" in ji Ladidi, matar Tanimu. "Yaga buhun, Malam! Turken nan ƙarfe ne fa!"

Tanimu ya zaro wuƙa. Sai turken ya yi tari, irin tarin tsohon sak. Ɗan halak ba ya musu da uba. Ya durƙusa.

"To, Baba."