Sabon Tabarau a Filin Harbi

"Baba, tsohon tabarau ɗinka ya isa. Ba kullum tsakiyar allo kake samu ba?" in ji Sithabile.

"Ke dai tsoro kike in ƙara kunyata ki," Dumezweni ya ce wa 'yarsa yana dariya. Ya zaɓi sabon tabarau wanda likitan ido ya ce zai nuna masa allon harbi tangaran. Gasar ƙananan bindigogi ta birnin Bulawayo ta ƙarato, shi kuwa yana alfaharin tsufa bai taɓa hannunsa ba.

Ranar Asabar suka je atisaye, ita a gefensa kamar kullum. Ya ɗaga bindiga. Daɗin ganin komai garau ya sa ya dakata, bai ja kunama ba.

Ƙara ta tashi, huji ya bayyana a tsakiyar allonsa.

Ya waiga. Bakin bindigar Sithabile na karkace wajen allonsa, nata kuwa ko ƙwarzane babu.

"Tun yaushe kike harba mini?" ya tambaya.

"Tun rasuwar Mama," ta ce, idanunta sun ciko. "Harbin nan kaɗai ke fito da kai daga ɗaki."