Manomin da Ya Bi Inuwar Sanda

Tun da ka ce ka gwada da hannunka kuma ya yi aiki, bari in ba ka labarin wani da shi ma ya gwada da hannunsa.

Wani manomi ne. Yana saurayi ya je ci-rani, ya bi ayarin masu kai kanwa kudu a kan jakuna. A cikinsu akwai wani tsoho da ba ya ɓata a daji, shi ya nuna masa dabarar gano arewa da inuwar sanda. Ka sami fili, ka kafa sanda a miƙe, rana tana dosar tsaka kana ajiye tsakuwa a bakin inuwar duk lokacin da ta matsa. Inuwar za ta yi ta gajarcewa, can kuma ta fara tsawo. Tsakuwar da ta fi kusa da gindin sandar, nan ne arewa. Ya gwada a wannan rani, ya gwada a na gaba, dabarar ba ta ba shi kunya ba. Kafin ruwa ya sauka kowa yakan koma gonarsa, don haka karatun ya tsaya inda rani ya tsaya. Daga nan ya zama masanin rana a ƙauyensu. Ba a cika tambayarsa ba, amma yakan ba da amsa.

Wata shekara ruwa ya ɗauke bayan shuka ta tsiro, geronsa ya ƙone, ga shi bai rage iri ba. Ya tafi wurin ƙanwarsa da ke aure a wani gari kudu da su, ta roƙar masa iri daga rumbun mijinta. Yana can aka sheƙa ruwa. Kowane manomi ya san danshi ba ya jiran kowa: in ka shuka yau ko gobe ka dace, in ka wuce nan sai wani ruwan. Sai ya saɓa ɗan buhunsa da sassafe, ya bar babbar hanya, ya bi yanke ta cikin daji. Sama a lulluɓe take, ciyawa ta ci turbobin da ya sani, kafin hantsi ya ɗaga ya wuce kuka ɗaya sau biyu. Dab da tsakar rana gajimare ya buɗe, rana ta leƙo. Ba zan ce ya ji daɗin ɓatan ba, amma bai yi baƙin ciki sosai ba, don ga ranar da ilimi zai yi amfani. Ya kafa sanda, ya jera tsakuwoyi, ya tsugunna ya jira cikin natsuwa. Bai yi kuskure ko ɗaya ba a awon. Inuwar ta gajarce fiye da yadda ya saba gani, da ƙyar ta kai taƙi, amma dai ta nuna wani wuri. Ya zare sandarsa ya nufi can.

Abin da bai sani ba shi ne rana ba hanya ɗaya take bi duk shekara ba. A rani takan karkata kudu, inuwa ta faɗi arewa. Cikin bazara sai ta bi ta tsakar ka, ta tsallaka arewa, ta zauna can har damina ta yi nisa, kuma duk wannan tsakani inuwar tsakar rana kudu take faɗi. Ba wani asiri ba ne. Matarsa duk shekara sai ta ja turminta daga wannan gefen ɗaki zuwa wancan tana bin inuwa, kuma a wannan inuwar yake zama ya sha fura. Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin ilimi ba, tun da ba a kafa sanda.

Gajimare ya sake rufewa, shi kuwa ya yi ta tafiya da ƙarfinsa. Da yamma ya hangi ja-ja a sama ta hannun damansa, alhali mai tafiya arewa ta hagu rana take faɗuwar masa. Ya dubi abin, ya ce hasken hadari ne. Ido yana iya ruɗuwa, amma shi ya auna. Washegari ya ɓulla wata gona da bai taɓa gani ba, wani mutum yana sara da sungumi, iyalinsa na bin sa suna zuba iri. Ya yi sallama ya tambayi hanyar ƙauyensu. Mutumin ya nuna masa bayansa. Manominmu ya ce, "Anya kuwa, malam? Ni fa aunawa na yi." Mai gonar ya ce, "To, sai ka tambayi abin awon," ya ci gaba da sara, don shi ma danshin ba zai jira shi ba.

Ko da ya isa gida ƙasa ta bushe, gonakin maƙwabta sun fara tsiro. Ruwa na gaba ya yi jinkiri. Ya shuka a makare, damina ta tafi geronsa bai gama cika ido ba, kuma tun kafin bazara ya fara hango ƙasan rumbunsa.

Da bai san komai ba, da ya bi babbar hanya kamar kowa, ya isa gida da la'asar. Shi ya sa Hausawa suka ce, ƙaramin sani ƙuƙumi ne.