Kurmin Inna Ba-Ragi

A shekara guda Inna Ba-Ragi ta rasa miji, ta rasa gonar gaba da shanun noma biyu a rabon gado. Abin da ta samu shi ne rabin kurmin da ke bayan gona. Ɗaya rabin na ƙanin mijinta ne.

Marigayi bai taɓa barin gatari ya shiga kurmin nan ba. Tsohon maharbi ne da ya rataye bindiga, ya koma shuka furanni a bakin ƙorama da jera fasassun tukwane a gindin itatuwa, yana cika su da ruwa. Kanari da kurciya suna sha, malam-buɗe-littafi kuwa in suka tashi daga kan laka sai ka ce tela ya watsar da ƙyallaye. Da ya kwanta dama, ita ta gaji bokitin zuba ruwan.

Ƙanin miji bai ga komai a wurin ba sai buhunan gawayi.

"Matar Yaya, kukan tsuntsu ba ya cika rumbu. Na gama magana da mai gawayi. Asabar ta sama gatari zai shiga, sai fa in kin kawo wanda ya fi shi tayi."

Saura kwana tara ke nan.

Akwai wani da ake kira Mai Madubi, ma'aikacin wata ƙungiya mai kula da tsuntsaye. Kullum da sassafe yana bakin hanya da madubin hangen nesa a wuya. Inna ta tare shi, ta yi masa tallan kurmi. Ya ce wuri kam ya yi kyau, amma ƙungiya ba ta kama hayar daji sai da dalili babba.

Washegari dalili ya yi kuka. Sauti uku a jere, na ƙarshen ya ja, ya karye. Mai Madubi ya saki littafinsa a ƙasa. An fi shekara goma ba a ji wannan tsuntsu a ko'ina kusa ba.

Ya nemi ya shiga ya gan shi da ido, Inna ta gindaya doka: ba mai taka kurmi kafin rana ta ɗaga sai ita da bokitinta, don da ita tsuntsaye suka saba. Ya haƙura, ya kafa rikoda a jikin shinge.

Rana ta uku ya zo da tayi: hayar shekara biyar, kuɗi masu kauri, da sharaɗin in tsuntsun ya daina zuwa haya ta mutu.

"Albarka," in ji ta.

Ya ninka.

"Albarka. Ni ba na ciniki da 'in'."

Ƙanin miji ya kusa haɗiye hularsa. Ita kuwa ta gyara ɗaurin zane ta wuce, ko waiwaye babu, amma ranar ko loma ba ta iya kaiwa baki ba.

A rana ta huɗu haƙorinta na gaba, wanda ya daɗe yana girgiɗi, ya tashi da ciwo. Leɓe ya kumbura ya yi suntum. 'Yarta ta kawo ruwan gishiri tana roƙo.

"Inna, mu je a cire mana."

"In na mutu ki cire ki ajiye."

Rana ta biyar kukan ya fito siriri, sauti biyu kawai. Ta shida kurmi ya yi tsit, sai kurciya. Mai gawayi ya turo mutanensa suka zauna a gaban shinge suna wasa gatura a kan dutse. Mai Madubi ya kasa daurewa, ya tsallaka shingen. Taku goma ya yi ya ci karo da ita, bokiti ba ruwa, ta ɗaure haɓa da mayafi, gumi na zuba.

"Ka ƙara taku ɗaya ka kore shi, ni kuma in koma sayar da gawayi."

Ya ja da baya. Ya ce shugabansa zai zo da kansa ranar Juma'a. In ya ji da kunnensa, a sa hannu. In bai ji ba, sai dai haƙuri.

Juma'a da sassafe suka jeru a bakin shinge, shugaba da Mai Madubi da ƙanin miji, masu gatari a bayansu. Gari ya waye tangararan. Shugaba ya duba agogo, ya sake dubawa. Ƙanin miji ya fara murmushi. Har direba ya ta da mota.

Sai kukan ya zo. Uku cif, na ƙarshen ya ja, ya ja, sannan ya karye.

An jima kafin Inna ta fito. Ta tofar da yawu a ciyawa, ta take da ƙafa, ta zauna a kan bokiti aka buɗe ciniki. Sai da rana ta take tsaka aka tashi. Ta sa 'yarta ta karanta mata layin ƙarshe na takardar sau biyu, sannan ta dangwala yatsa. Ko rabon ƙanin miji ya fi tayin mai gawayi, don haka masu gatari suka saɓa gaturansu suka kama hanya.

Da yamma suna kan benci a asibitin haƙori, 'yar ta matso kusa.

"Inna, ni fa ban gane ba. Kin ƙi ninki biyu, me kika sallama a kai?"

Aka kira su daga ciki. Inna ta miƙe, ta kwance mayafin haɓarta.

"Rabin tayin farko, shekara ashirin, ko ya yi kuka ko bai yi ba. Ai ba laifi ga fiton da tsohuwa ke yi da bakinta, tunda tsuntsun ya bar kurmin nan tun babanki na da rai."