Dunduniyar Hagun Ɗanmalam

Ana tsakiyar wasan tunawa da ɗan ƙwallo Ɗanmalam a filin garin Tanut, ƙwallo ta fita waje. Shekara biyar ke nan da aka ce ya rasu a hanyar Libiya, bayan ƙwaya ta lalata shi.

"Allah ya jiƙansa, ba za a sake irinsa ba," in ji mai lasifika. Zuhaira, ƙanwar Ɗanmalam, ta share hawaye.

Wani mai tsumma ya tare ƙwallo da ƙirji, ya maido ta da dunduniyar hagu.

Zuhaira ta miƙe tsaye. Mutum ɗaya ta sani mai wannan bugun.

"Yaya!"

Ba wanda ya ji ta. Samari sanye da riguna masu hoton Ɗanmalam sun riga sun ɗauki duwatsu.

"Ku kori mahaukacin nan, yana ɓata mana taro!"