Faɗuwar Akawal

Dakta Radiya ta ɗaura na'urar a gwiwar dokin, ta ja maɗaurin da kyau. Abar ba ta fi agogon hannu ba, da ɗan koren haske yana ƙyaftawa. Bincike take yi a kan wani ciwon ƙwaƙwalwa da ke kayar da dawaki, na'urar kuma za ta riƙa aiko mata duk motsin ƙafar a wayarta.

Mai dokin, Alhaji Nasidi na Ƙofar Jatau, ya sauko daga dakali da ƙyar yana dafa bango. Tun rasuwar matarsa ba shi da abokin hira kamar wannan baƙin doki, Akawal.

"'Yata, wannan abin yana taimakon gwiwa?"

"Sosai ma, Baba," ta ce, hankalinta na kan waya.

Tun washegari labari ya fara zuwa, kuma ba mai daɗi ba. Akawal yakan tsaya cak, sai gwiwa ta naɗe ya durƙushe, ya miƙe, ya sake durƙushewa. Da asuba ya faɗi, da rana ya faɗi, da yamma ya faɗi. Takunsa ya zama na jan ƙafa. Ranar Juma'a kuwa sai ya yi doguwar tafiya, ya zube wuri guda ya daɗe bai motsa ba.

Duk sanda za ta zo takan buga waya tukuna, don ba a faɗa wa dattijo gida haka kawai. Takan jira a zaure, sannan a ce ta shigo. Sai ta tarar da Akawal tsaye garau da na'urarsa, yana tauna harawa. Ta ɗebi jini, babu komai. Ta ɗebi majina, babu komai. Alhaji ya rantse bai taɓa ganin dokinsa a ƙasa ba.

"Haka masu dabba suke, ɓoyewa suke yi," in ji malaminta, Farfesa Zailani. Ya ce cutar da ke ɓuya idan likita ta zo, ai sabuwa ce a duniya. Har ya raɗa mata suna, nasa a gaba. Ya kuma yanke cewa kafin ta bazu cikin gari, a ɗauke dokin a buɗe kansa a gani.

Radiya ta kasa cin abinci. Amma wayar ba ta fasa ba, kullum Akawal sai ya faɗi.

Ranar ɗaukarsa ba ta buga waya ba, don ba ta san da wane baki za ta faɗa ba. Ta iso da motar ɗaukar dabbobi bayan la'asar ta yi. Aka ce Alhaji yana cikin ɗan masallacin ƙofar gida. Ta wuce turke, ta shafa wuyan dokin tana ba shi haƙuri. Nan ta ga gwiwarsa babu komai a kanta.

Wayar ta yi ƙara a hannunta: Akawal ya faɗi. Ta dubi Akawal, yana tsaye yana kore ƙuda da jela. Wayar ta ce ya miƙe, ya kuma faɗuwa.

Ta fito a hankali ta leƙa tagar masallacin. Can a sahun gaba Alhaji Nasidi ya ɗago daga sujada, koren haske na ƙyaftawa ta cikin farin wandonsa.