Jirgin da Aka Hana Tsayawa

Da kowace jiha ta ƙi karɓar waɗanda ake zargi da ta'addanci, sai gwamnati ta zuba su a jirgin ƙasa, ta hana shi tsayawa. Shekara tara ke nan yana zagaye.

Duk Laraba Tasalla takan zo tasha da ƙullin dambu, ko ta hango ɗanta Mudi. Har yau bai ga alƙali ba.

"Iya, ja baya, kada iskarsa ta kayar da ke," in ji mai gadi.

Ta wurga ƙullin saitin tagar tarago na bakwai. Wani siririn hannu ya cafe.

"Ɗan nan, idona ya mutu. Hannunsa ne?"

"Nasa ne, Iya."

Haka ya gaya wa matar da ke gefenta ma.